Jam'iyya ta Uku a Zaɓen Najeriya: Me Ke Raya Ta, Me Ke Kashe Ta?

A zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairu 2023, Bola Tinubu na APC ya samu ƙuri'a kusan miliyan 8.8, Atiku Abubakar na PDP kusan miliyan 7, Peter Obi na LP miliyan 6.1, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP kuma kusan miliyan 1.5. Wato a cikin kowane mutum uku da suka tsaya a layi, kusan ɗaya ya juya wa manyan jam'iyyun biyu baya. Tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999 ba a taɓa ganin irin haka ba. Shekara huɗu kacal kafin nan, a 2019, 'yan takara 73 ne suka cika takardar zaɓe, amma in aka cire Buhari da Atiku, sauran 71 ɗin gaba ɗaya abin da suka tattara kashi 3 ne da ɗan ɗoriya cikin ɗari.

Tun daga lokacin ake ta muhawara. Wasu na cewa zamanin jam'iyyu biyu ya wuce, talaka ya waye. Wasu kuma, musamman magoya bayan PDP, na cewa Obi da Kwankwaso ba abin da suka yi sai raba kan 'yan adawa, suka miƙa wa APC mulki a ruwan sanyi. Suna da hujjar lissafi: mutanen nan uku duk a PDP suke a 2019, Obi ma shi ne mataimakin Atiku a waccan takarar, kuma jimillar ƙuri'unsu a 2023 ta haura miliyan 14. Ni dai ina ganin ɓangarorin biyu sun gajarta maganar. Jam'iyya ta uku tana da rai a Najeriya fiye da yadda take da shi a ƙasashe da dama, amma ba a fadar shugaban ƙasa ran nata yake ba, kuma abin da ke kashe ta rabinsa daga doka ne, rabinsa daga halin masu kafa ta.

A fara da doka, domin ita ce ba a cika dubawa ba. A Najeriya, ɗan majalisa yana cin zaɓe ne in ya fi kowa ƙuri'a a mazaɓarsa, ko da ratar ƙuri'a ɗaya ce, ko da bai kai rabin waɗanda suka jefa ba. Wanda ya zo na biyu bai da komai, balle na uku. Wani masanin siyasa Bafaranshe, Maurice Duverger, ya yi bayani tun farkon shekarun 1950 cewa irin wannan tsari yana tura jama'a zuwa jam'iyyu biyu, ta hanya biyu. Ta farko ita ce ƙirga kanta: jam'iyyar da ta samu kashi 15 a kowace mazaɓa tana iya tashi ba kujera ko ɗaya. Ta biyu tana cikin zuciyar mai zaɓe, wanda zai ce, ina son wane, amma ba zai kai labari ba, gara in ba wanda zai iya kayar da wanda ba na so. Masu kuɗin da ke ɗaukar nauyin takara su ma haka suke lissafi, 'yan siyasa masu neman kujera ma haka.

Amurka ce aka fi buga misali da ita. A 1992 attajiri Ross Perot ya samu kusan kashi 19 na ƙuri'un ƙasar, bai ci jiha ko ɗaya ba. A 2000 Ralph Nader ya samu ƙuri'a wajen dubu 97 a jihar Florida, inda ratar George Bush da Al Gore ta tsaya a 537, kuma har yau 'yan jam'iyyar Democrat da yawa ba su yafe masa ba. Amma misalin Birtaniya na 2015 ya fi kusa da halinmu. A zaɓen shekarar jam'iyyar UKIP ta samu sama da kashi 12 na ƙuri'un ƙasa, ta tashi da kujera ɗaya tak. Jam'iyyar SNP ta yankin Scotland ba ta kai kashi 5 ba, amma ta kwashe kujeru 56, saboda ƙuri'unta a wuri ɗaya suka taru. Wannan tsari ba ya tausaya wa ƙaramar jam'iyyar da masoyanta ke warwatse, amma yana saka wa wadda take da gida.

Matsalar ita ce kundin tsarin mulkin Najeriya ya ɗaura wa mai gida wani tarnaƙi na daban. Sashe na 134 ya ce kafin mutum ya zama shugaban ƙasa sai ya fi kowa ƙuri'a, sannan ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. An sa wannan sharaɗi ne tun kundin 1979 domin kada a koma siyasar Jamhuriya ta Farko, lokacin da kowane yanki ke da jam'iyyarsa, kuma dalili ne mai kyau. Sakamakonsa shi ne jam'iyya ta uku ta shiga tsaka mai wuya. In tana son kujerun majalisa da na gwamna, dole ta tattara ƙarfinta a wuri ɗaya. In tana son shugabancin ƙasa, dole ta bazu a jihohi 24. Kwankwaso ya samu kusan kashi biyu cikin uku na dukkan ƙuri'unsa daga jihar Kano kaɗai. Obi ya zo na ɗaya a jihohi 11 da Abuja, har da Legas da Filato da Nasarawa, amma a Katsina da Jigawa da Zamfara da Sakkwato bai kai ko kashi 2 cikin ɗari ba. Ko da ya fi kowa jimillar ƙuri'a, da sharaɗin bazuwa ya tare shi.

Sai kuma abin da ba a rubuta a kundi ba, wato nauyin ranar zaɓe. A 2023 akwai rumfunan zaɓe sama da dubu 176 a ƙananan hukumomi 774. Jam'iyyar da ke son ta kare ƙuri'arta tana bukatar wakili a kowace rumfa, wanda zai tsaya har a ƙirga, ya sa hannu, ya karɓi kwafin sakamako, sannan wani ya bi shi zuwa wurin tattarawa na mazaɓa da na ƙaramar hukuma. Kowane wakili sai an ba shi na abinci da na mota. Ga kuɗin lauyoyi in an je kotu, inda sai an kawo shaida rumfa bayan rumfa. Jam'iyyar da ke da gwamnoni tana da inda za ta samo wannan, wadda ba ta da su sai dai ta dogara da masu sa kai, kuma masu sa kai sun fi yawa a birni. Dokar zaɓe ta 2022 ta yarda ɗan takarar shugaban ƙasa ya kashe har naira biliyan 5, kuma a shekarar fom ɗin neman takara kaɗai a APC naira miliyan 100 aka sayar da shi. A ƙasa can kuma, zaɓen ƙananan hukumomi yana hannun hukumomin zaɓe na jihohi, kuma kowa ya san yadda jam'iyyar gwamna ke lashe kusan komai. Nan ne ya kamata ƙaramar jam'iyya ta fara koyon mulki, da kansila da ciyaman, amma ƙofar a rufe take.

Duk da haka, mu a Arewa bai kamata mu yarda da maganar cewa jam'iyya ta uku aikin banza ba ce, domin tarihinmu ya ƙaryata ta. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Ba ta taɓa kafa gwamnati ba. Kujerun da ta ci a zaɓuka 'yan kaɗan ne, 'ya'yanta sun sha ɗauri da bulala a kotunan En'e, an kori wasu daga garuruwansu. Amma abubuwan da ta dage a kai, irin su rage ikon sarakuna a kan shari'a da 'yan doka, da ba mata 'yancin jefa ƙuri'a wanda su Hajiya Gambo Sawaba suka sha wahala dominsa, duk sun tabbata daga baya, a hannun gwamnatocin da ba nata ba. A 1979 magajiyarta PRP ta zo ta huɗu a zaɓen shugaban ƙasa, Malam Aminu Kano ya samu kashi 10 da ɗan ɗoriya. In da kujerar shugaban ƙasa ce kaɗai ma'auni, sai a ce ta faɗi. Amma ta ci gwamnan Kano da Abubakar Rimi, da na Kaduna da Balarabe Musa, kuma gwamnatocin nan biyu suka soke haraji da jangali, abin da talaka ya daɗe yana kuka da shi. Gwamnatin Rimi ce ta fara ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, gwamnatin tarayya ta NPN ta bi sahu a shekara mai zuwa. Ƙaramar jam'iyya mai manufa tana iya tilasta wa babba ta ɗauki abin da da can take ƙyama.

Zaɓen 1979 ɗin ma ya nuna wani amfanin. Jam'iyyu biyar ne suka tsaya, kowacce ta ci jihohi: GNPP ta Waziri Ibrahim ta ɗauki Borno da Gongola. Shehu Shagari na NPN ya samu kusan kashi 34, ya cika sharaɗin kashi ɗaya cikin huɗu a jihohi 12 daga cikin 19, a Kano kuma ya tsaya ƙasa kaɗan da kashi 20. Daga nan aka samu shahararriyar shari'ar sha biyu da biyu bisa uku, wadda Awolowo ya kai har Kotun Ƙoli ya sha kaye. NPN ba ta da rinjaye a majalisa, dole ta ƙulla yarjejeniya da NPP ta Azikiwe, ta ba ta ministoci da shugabancin majalisar wakilai. Jam'iyyar da ta zo ta uku ta zama abokiyar mulki, har zuwa 1981 da yarjejeniyar ta watse.

Amma labarin PRP yana ɗauke da gargaɗi. A Kaduna gwamna na PRP ne, majalisa ta NPN. Ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ta tsige shi a Yunin 1981. A cikin gida kuma jam'iyyar ta dare biyu, Santsi da Taɓo, a kan yadda za a yi hulɗa da sauran jam'iyyu da gwamnatin tarayya. Ciwon nan biyu, rashin 'yan majalisa da rabuwar kai a kan wa za a jingina da shi, su ne har yau ke cin kowace jam'iyya ta uku a ƙasar nan.

Sojoji sun taɓa gwada magance lamarin da doka. A 1989 Janar Babangida ya ƙi yi wa ƙungiyoyin siyasa rajista, ya ƙirƙiro SDP da NRC da kansa, ya gina musu ofisoshi a faɗin ƙasa. Jamhuriyar ta mutu da soke zaɓen 12 ga Yuni 1993. A 1999 an fara da jam'iyyu uku, sannan a 2002 Kotun Ƙoli, a shari'ar da su Balarabe Musa da Gani Fawehinmi suka ja, ta rushe tsauraran sharuɗɗan rajista na hukumar zaɓe INEC. Ƙofa ta buɗe har jam'iyyu suka kai 91 a 2019, kafin INEC ta soke rajistar 74 a Fabrairun 2020. Yawancin waɗannan ba jam'iyyu na uku ba ne a haƙiƙa. Takardar rajista ce a aljihun mutum biyu ko uku, suna jiran wanda ya faɗi zaɓen fid da gwani a babbar jam'iyya ya zo neman tikiti, ko kuma su tara 'yan jarida ana gobe zaɓe su ce sun janye wa wane.

A nan nake ganin babban laifin yake. NEPU aƙida ce da ta nemi mutane, tana da rassa a unguwanni da kasuwanni, da mambobi masu biyan kuɗin kati daga aljihunsu. Jam'iyyu na uku a zamaninmu kuwa motar haya ce: babban ɗan siyasa ya rasa wurin zama a tasa, ya tare wata a hanya, ya hau da jama'arsa, in tafiya ta ƙare ko an yi saɓani da direba ya sauka. Kwankwaso ya bar PDP ne a Maris 2022, Obi a Mayu, wato ƙasa da shekara guda kafin zaɓe. LP da NNPP duk sun daɗe da rajista tun farkon shekarun 2000, da masu su. Ba abin mamaki ba ne da aka gama zaɓe rikici ya ɓarke tsakanin baƙi da 'yan gida: a LP kan shugabancin Julius Abure, a NNPP tsakanin ɓangaren Kwankwasiyya da na wanda ya kafa ta, Boniface Aniebonam, har aka kai ga canza alamar kwandon kayan marmari da mutane suka sani a takardar zaɓe. Kuma mai zaɓe da kansa ya nuna mutum yake bi. A Legas, inda Obi ya zo na ɗaya a Fabrairu, APC ta ci gwamna da rata mai faɗi bayan mako uku. A duk faɗin ƙasa gwamna ɗaya LP ta samu, Alex Otti na Abia. Kwankwasiyya ta fi ta tsari a ƙasa, shi ya sa ta iya cin gwamna da rinjayen majalisar Kano, amma ƙarfin na tafiyar jar hula ne, wadda ta taɓa zama a PDP, ta zauna a APC, ta koma PDP kafin ta zo NNPP.

Bayan zaɓe sai sauya sheƙa ta ƙarasa abin da ya rage. Sashe na 68 na kundi ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai dai in jam'iyyar ta rabu. To ƙaramar jam'iyya kullum a rabe take, ko a raba ta, saboda haka hujja ba ta ƙarewa. Gwamna kuwa babu ma irin wannan tanadi a kansa. A ƙasar da kuɗin jihohi ke fitowa daga Abuja, kuma jami'an tsaro ke karɓar umarni daga can, zama a wajen jam'iyya mai mulki yana da tsada. Mutumin da ya tsaya cikin rana ya zaɓi sabuwar jam'iyya don ya gaji da tsoffin, sai ya wayi gari wakilinsa ya koma inda ya gudo. Wannan cin amana ne, kuma shi ke sa a zaɓe na gaba mutum ya ƙi fitowa. A 2023 waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba.

Akwai waɗanda suka tsira. APGA ta riƙe Anambra tun 2006, domin ta yarda ta zama jam'iyyar gida, ba ta cika wahalar da kanta da neman shugabancin ƙasa ba. Akwai kuma hanyar da Buhari ya bi. A 2011 jam'iyyarsa CPC ta samu ƙuri'a sama da miliyan 12, amma gwamna ɗaya ta ci, na Nasarawa, kuma a Kudu ba ta taɓuka komai ba. ACN tana da Kudu maso Yamma, ANPP tana da wasu jihohin Arewa. A 2013 suka narke suka zama APC, gwamnoni biyar na PDP suka biyo su, a 2015 aka kayar da shugaba mai ci karo na farko. Sai dai a lura, wannan nasara ta samu ne da jam'iyyun suka daina zama na uku suka koma ɗaya daga cikin manya biyu. Haɗakar da 'yan adawa suka sanar a ƙarƙashin ADC a Yulin 2025 wannan hanya ta nufi bi, kuma tambayar da ta hana Obi da Kwankwaso haɗuwa a 2022, wato wa zai yi shugaba wa zai yi mataimaki, ta biyo ta can.

Game da zargin ɓata ƙuri'a, ban yarda da shi ba. Lissafin da ke haɗa ƙuri'un Atiku da Obi da Kwankwaso yana ɗauka cewa mutane kaya ne da za a kwasa daga wannan rumbu a zuba a wancan. Matasan da suka fito saboda Obi, da yawansu PDP da APC duka suke gudu, da bai tsaya ba da suna gida. A Kano ma ba wanda zai rantse cewa duk ɗan Kwankwasiyya Atiku zai zaɓa. Babu jam'iyyar da ta gaji ƙuri'ar wani. In PDP ta rasa mutanenta, sai ta tambayi kanta yadda ta yi da batun karɓa-karɓa da rikicin gwamnoninta biyar ƙarƙashin Nyesom Wike.

Abin da ke gaskiya a cikin zargin shi ne tsarinmu yana tilasta wa mai zaɓe ya zaɓa tsakanin wanda yake so da wanda zai iya ci, kuma wannan abu ne da ake iya gyarawa. Maƙwabciyarmu Nijar ta yi aiki da wani tsari dabam a lokutan mulkin farar hula: dole shugaba ya haura rabin ƙuri'u, in ba haka ba a je zagaye na biyu, kujerun majalisa kuma ana raba yawancinsu gwargwadon ƙuri'ar kowace jam'iyya. A 1993 Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya a zagayen farko da kashi 34, Mahamane Ousmane na biyu da kusan 27. Mahamadou Issoufou da Moumouni Adamou Djermakoye, da suka zo na uku da na huɗu, suka mara wa Ousmane baya ya ci, Issoufou ya zama firaminista, Djermakoye shugaban majalisa. A irin wannan tsari mutum yana zaɓen wanda yake so a zagayen farko ba tare da fargaba ba, kuma ƙuri'arsa tana da nauyi a cinikin da zai biyo baya. Ba na ɓoye illarsa: ƙawancen ya watse a 1994, rikicin shugaba da sabon firaminista Hama Amadou ya tsayar da gwamnati, soja suka karɓe a Janairun 1996. Amma waccan matsala ta fi alaƙa da raba iko tsakanin shugaba da firaminista, abin da Najeriya ba ta da shi. Gana tana da sharaɗin haura rabi, ta je zagaye na biyu a 2000 da 2008, kuma sau biyun mulki ya koma hannun 'yan adawa lafiya.

Da za a ji tawa, da an ƙara sharaɗin haura rabi a kan na bazuwa, domin shugaban da ya hau da ƙasa da kashi 37, kamar yadda aka yi a 2023, yana fara mulki ne alhali mafi yawan masu zaɓe wani suka so. Da an ware wani kaso na kujerun majalisar wakilai a raba gwargwadon ƙuri'a, yadda jam'iyyar da ta samu kashi 8 a faɗin ƙasa za ta samu murya. Da an toshe kafar sashe na 68, an kuma shigar da gwamnoni cikinsa. Da an cire zaɓen ƙananan hukumomi daga aljihun gwamnoni. Kowanne daga cikin waɗannan gyaran kundi ne, wanda ke bukatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu da amincewar majalisun jihohi 24, kuma masu zama a kujerun nan su ne waɗanda tsarin yanzu ya kawo. Jam'iyyar da ke son a yi wannan gyara sai ta fara samun 'yan majalisar jiha da na tarayya masu yawa waɗanda za su zauna a cikinta har ƙarshen wa'adinsu, kuma aikin tara irin waɗannan mutane ba ya yiwuwa a wata tara kafin zaɓe.